Wasannin Tseren Mota: Yadda Za Ka Gane Kowane Nau'i, Ka Kuma Iya Tuƙa Shi

Wanda ya goge a Need for Speed, ranar da ya fara taɓa Assetto Corsa kwanar farko ce take kai shi bango. Hannunsa ya saba da wata doka, gem ɗin kuma yana aiki da wata. A gidan gem duk sunansu ɗaya, "gem ɗin mota", amma a ƙarƙashin wannan suna akwai nau'o'i da suka yi hannun riga da juna, kuma inda bambancin ya fi fitowa shi ne wajen birki. A wani nau'in birki ɗan taɓawa ne don a juya bayan mota, a wani kuwa shi ne rabin tseren. Idan ka gane abin da birki yake yi a gem ɗin da ke gabanka, ka gane yadda za ka tuƙa shi.

Gwajin minti biyar

Kafin ka shiga gasa, zaɓi fili ka shiga kai kaɗai. Ka ɗauki gudu a miƙaƙƙen titi, ka shiga kwana mai tsauri ba tare da taka birki ba. In motar ta juya da kanta, ko ta ɗan goga bango ta ci gaba da gudunta, aked kake bugawa, wato nau'in nishaɗi da ba ya bin dokokin mota ta gaske. In ta ƙi juyawa ta miƙe ta fita daga titi, gem ɗin yana lissafin riƙon taya. Sai ka kashe duk taimakon tuƙi, ka tsaya cak, ka danne totur gaba ɗaya tare da karya sitiyari. Motar da ke ja da tayoyin baya za ta juye da kai idan na kwaikwayon gaske ne. Gran Turismo da Forza suna tsakiya: suna lissafin taya da nauyi, amma sun fi iRacing yafiya.

Tun a nan ka gyara abubuwa uku da suke kayar da mutane ba su sani ba. Talabijin na zamani yana jinkirta hoto saboda gyare-gyaren da yake masa, don haka ka sa shi a tsarin wasa, wanda aka rubuta Game Mode a kansa. Idan gem ya ba ka zaɓi tsakanin kyawun hoto da saurin hoto, ɗauki hoto 60 a sakan. A kan 30 za ka riƙa makara wajen ganin inda za ka taka birki. Sannan sandar fad, wato abin riƙewa a hannu da ake buga gem da shi: akwai ɗan fili a tsakiyarta da gem ba ya jin motsi. Sabon fad ya ishe shi kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Fad ɗin da ya sha hannu, irin na gidan gem, wanda mota ke janyewa gefe ko ba a taɓa shi ba, sai ka ɗaga zuwa 8 ko 10. In ka wuce haka, ƙananan gyaran sitiyari sun ɓace, motar za ta riƙa lilo a miƙaƙƙen titi.

Aked

Nan aka faro. Namco ta fitar da Pole Position a 1982, Sega ta kawo Out Run a 1986, daga baya Ridge Racer da Daytona USA suka cika ɗakunan wasa. An gina su don mutum ya ji daɗi a minti uku, kuma har yau haka jikokinsu suke: Burnout, Asphalt, da yawancin Need for Speed.

Dokar nan ita ce kada gudu ya faɗi. Ana ɗaga ƙafa daga totur ko a ɗan taɓa birki sau ɗaya a bakin kwana don motar ta fara zamiya, sai a koma kan totur nan take. Wanda ya daɗe a kan birki an wuce shi. Naitro, wato ƙarin gudu na ɗan lokaci, ba a tsakiyar kwana ake ƙona shi ba; a fitar kwana ne, lokacin da hancin mota ya kalli miƙaƙƙen titi, ko bayan karo don a maido da gudu. A Asphalt 9 akwai hanyoyi daban na kunna shi: in ka taɓa sau ɗaya, ka sake taɓawa daidai lokacin da alamar ta shiga yankin shuɗi mai haske, ya fi daɗewa, in ma'aunin ya cika ka taɓa sau biyu a jere, ya fi ƙarfi amma ya fi saurin ƙarewa. Ka kashe TouchDrive, tsarin da gem ke juya maka mota, da zarar hannunka ya faɗa, domin muddin gem ne ke riƙe maka sitiyari ba za ka koyi layin titi ba.

A Burnout 3 na 2004, ma'aunin ƙarin gudu yana cika ne da tuƙi a hannun da ba naka ba, da wucewa dab da motoci, yana kuma ƙara tsawo in ka kifar da abokin tsere. A Need for Speed: Most Wanted na 2005, inda ake hawa jerin direbobi 15 har a kai ga Razor da ke saman jerin, abin da ke cin mutane shi ne taurin kai da 'yan sanda. Daga mataki na 4 na tsananin farautarka suna shimfiɗa ƙusoshi a shingen titi, kuma tayar da ta fashe ta gama maka gudu. Ka rage saurin lokaci da maɓallin da aka tanada don haka kafin ka isa shinge, ka duba inda ƙusar take, ka daki bayan motar 'yan sanda maimakon gabanta, domin gaban ne ke ɗauke da nauyin inji. Wani abu da ya kamata ka sani: da yawan waɗannan wasanni suna ƙara wa abokan tsere gudu idan ka yi musu nisa. Tazarar da ka bayar a zagaye na farko ba ta da tabbas, don haka ka adana naitro saboda zagayen ƙarshe.

Kat

Super Mario Kart na 1992 ne ya kafa wannan nau'i na ƙananan motoci da ake jifan juna da kayan da aka tsinta a hanya, Crash Team Racing ya biyo a 1999. Mutane suna raina shi saboda kamanninsa na yara, alhali yana da ƙa'idoji masu tsauri. A Mario Kart 8 Deluxe, ka danna totur jim kaɗan bayan lambar 2 ta bayyana a ƙidayar farawa. In ka riga ta, injin zai shaƙe. A kowace kwana ka riƙe maɓallin zamiya: tartsatsin zai fara da shuɗi, ya koma ruwan lemo, sannan shunayya, kuma gwargwadon launin da ka kai kafin ka saki, gwargwadon ƙarin gudun da za ka samu. Tsabar kuɗi har 10 suna ƙara maka gudu. Idan kana gaba, ɓawon ayaba ko koren ƙoƙo ba na jifa ba ne, ka riƙe shi a bayanka ya tare jan ƙoƙo, wanda ke bin sawun mota idan an jefo shi. Shuɗin ƙoƙo kuwa, wanda ke farautar wanda yake kan gaba, ƙaho mai ƙara ne yake fasa shi, shi ya sa ba a ɓarnatar da ƙahon. Birki a nan sai a ajin 200cc, wanda ya fi kowanne gudu, inda ake taɓa shi ana cikin zamiya ba tare da an saki totur ba.

Buɗaɗɗiyar duniya

Forza Horizon, wanda ya fara a 2012, na biyar ɗinsa kuma aka kafa a Meziko a 2021, yana ba ka ƙasa guda ka yawata. Kuskuren da aka fi yi a cikinsa shi ne ɗura wa mota ƙarfin inji har ta kai aji S2, na motoci masu tsananin gudu, alhali tayoyinta na asali ne. Ka fara da taya, sannan birki da rage nauyi, inji ya zo ƙarshe. Ka zauna a aji B ko A, wanda ke tsayawa a maki 800 a Horizon 5, har ka iya riƙe layi. A tseren daji ka sa tayar daji da mota mai ja da ƙafa huɗu.

Kwaikwayon gaske a kan kwalta

Nan ne aiki yake, kuma a ganinmu nan ne lada ya fi yawa. Gran Turismo na kamfanin Polyphony Digital ya buɗe wa mutane da yawa ƙofar a 1997. iRacing ya zo a 2008, Assetto Corsa na kamfanin Kunos na Italiya a 2014, Assetto Corsa Competizione mai motocin GT3, wato wani ajin motocin tsere na gaske, a 2019. Abin da ake koya a nan yana aiki a mota ta gaske, har Jann Mardenborough, wanda ya ci gasar GT Academy a 2011, ya tashi daga gem ya zama direban tsere.

Tushen komai shi ne taya tana da iyakar riƙo, kuma birki da juyawa daga wannan riƙo ɗaya suke ci. In ka ba birki duka, babu abin da ya rage wa sitiyari. Shi ya sa wanda ya danne birki yana karya sitiyari yake ganin mota ta miƙe. Tsarin kwana shi ne kamar haka. Ka matsa can gefen waje na titi. Ka taka birki da ƙarfi tun motar tana miƙe, ƙarfin ya fi yawa a farko lokacin da gudu yake sama. Ka sauke giya ɗaya bayan ɗaya. Yayin da ka fara juya sitiyari, ka riƙa sassauta birki a hankali maimakon ka sake shi gaba ɗaya, domin nauyin da ke kan tayoyin gaba shi ke taimaka musu su ciji kwalta. In ka saki farat ɗaya, hancin mota zai ɗago, riƙon gaba ya ragu. Ka taɓa ƙuryar ciki ta kwana, sannan ka fara ba da totur gwargwadon yadda kake warware sitiyari, ka bar motar ta fita har gefen waje.

Birki yana buƙatar alama. A gefen titi akwai alluna masu nuna mita 150, 100 da 50 kafin kwana. A kwanar farko ta Monza, filin tsere a Italiya, motar GT3 tana fara birki ne a wajen allon 150. Ka fara da wuri fiye da haka, ka riƙa matsawa gaba kaɗan kaɗan a kowane zagaye, har ranar da ka wuce ƙurya; sai ka koma baya taku ɗaya, nan ne wurinka. Kada alamarka ta zama inuwa, domin inuwa tana tafiya da rana a wasannin da lokaci ke gudu. Kuma ka sani, makara wajen birki ɗan abu kaɗan take ba ka, amma fita daga kwana da kyau tana biyan ka a duk tsawon miƙaƙƙen titin da ke gaba. Wanda ya shiga a hankali ya fita da gudu ya fi wanda ya shiga da gudu ya fita yana kokawa.

Matsala biyu ce za ta riƙa dawo maka. Ta farko, mota ta ƙi kwana: ka juya sitiyari amma hanci yana tafiya waje. Sababin shi ne gudu ya yi yawa ko ka ba da totur da wuri. Ƙara karya sitiyari yana ƙara lalata abin; ka sassauta totur, ka ɗan warware sitiyari har tayoyin gaba su sake kamawa. Ta biyu, baya ya ƙwace: yawanci totur ne ya yi yawa a ƙaramar giya, ko an sauke giya da wuri, ko an ɗaga ƙafa kwatsam a tsakiyar kwana mai gudu. Ka juya sitiyari zuwa inda bayan ya nufa, da sauri amma ba da yawa ba, ka maido shi tsakiya da zarar motar ta fara dawowa. Jinkirin maidowa shi ke sa mota ta watsa ka ɗaya gefen da ƙarfi fiye da na farko.

Taimakon tuƙi ana cire shi ne bi da bi. Birki mai taka kansa da sitiyari mai juya kansa su fara tafiya tun ranar farko. Layin da ake zanawa a titi ka mayar da shi na wurin birki kaɗai, bayan 'yan kwanaki ka kashe shi, domin mai kallon layi ba ya kallon titi. Sai na'urar hana juyewa, sai giya ta koma hannunka, sai ka riƙa rage na'urar hana taya kartar ƙasa. ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa a wajen birki, ka bar shi. Motocin GT3 na gaske ma suna da shi tare da na'urar hana karta, don haka amfani da su ba abin kunya ba ne.

Ka fara da ƙaramar mota irin Mazda MX-5, wadda iRacing ma da ita yake fara wa sababbi, a gajeren fili kamar Tsukuba mai kusan kilomita 2. Nordschleife na Jamus ya haura kilomita 20, ba wurin koyo ba ne. Mota ɗaya, fili ɗaya, har ka iya yin zagaye 10 a jere ba ka fita titi ba kuma tazarar lokutanka ba ta wuce sakan ɗaya ba. Kafin nan kada ka taɓa saitin mota, in ban da iskar taya da rabon birki. A Competizione ana neman iskar tayar GT3 ta zauna kusan 26 zuwa 27 psi bayan ta yi zafi, ana duba ta ne bayan zagaye uku ko huɗu, ba a gareji ba. Tayar da ba ta yi zafi ba ba ta riƙo, shi ya sa zagayen farko yake cin mutane. Rabon birki in ya karkata gaba da yawa mota za ta ƙi kwana, in ya koma baya da yawa za ta juye a wurin birki. Ka riƙa motsa shi da rabin kashi.

Maganar sitiyari: fad ya isa a Gran Turismo da Forza, amma iRacing da Assetto Corsa da sitiyari aka gina su. Logitech G29 yana juya digiri 900 da feda uku, kuma ya isa koyo. Masu bel irin Thrustmaster T300 sun fi laushi, masu haɗe da injin lantarkinsu kai tsaye irin Fanatec CSL DD sun fi bayyana abin da taya ke yi. In kuɗinka na abu ɗaya ne, fedar birki mai auna ƙarfin taku ta fi sabon sitiyari amfani, saboda ƙafa ta fi tuna ƙarfi fiye da nisa. Kada ka ƙure ƙarfin martanin sitiyari. In ya cika, duk kwana nauyinta ɗaya za ka ji, ba za ka gane lokacin da gaba ya fara zamewa ba. Ka ɗaure shi a tebur mai ƙarfi, ka tokare feda da bango.

In ka shiga tseren intanet, kwanar farko ka taka birki da wuri fiye da yadda ka saba, domin motocin gabanka za su cunkushe. In ka fita titi, kada ka dawo sai ka ga hanya babu kowa.

Rali

A rali kai kaɗai ne da agogo, a hanyar da ba ka haddace ba, kuma kunne ya fi ido aiki. Colin McRae Rally na 1998 ne ya yaɗa shi, Richard Burns Rally na 2004 har yau ana girmama shi saboda tsaurinsa, sai Dirt Rally 2.0 na 2019 da EA Sports WRC na 2023.

Mataimakin direba yana karanta maka kwanar da ke tafe da lamba. A tsarin Dirt Rally, 6 kwana ce mai sauƙi da ake wucewa kusan da cikakken gudu, 1 kuwa mai tsauri ce ƙwarai, a ƙasa da ita akwai kwana mai kusurwa da kwanar komawa baya. Lambobi irin 50 ko 100 nisa ne a mita zuwa abu na gaba. In ka ji "don't cut", akwai dutse ko rami a cikin kwanar, kada ka yanke. "Tightens" na nufin kwanar tana ƙara matsewa a ƙarshe, kuma ita ce ta fi jefa sababbi cikin daji, saboda sun shiga da gudun 4 sun tarar da 2. Ka shiga saiti ka sa ya riƙa karantawa da wuri, ka rage ƙarar inji, ka ɗaga muryarsa.

A kan burji ana taka birki da wuri fiye da kwalta, ana kuma juya motar kafin a kai kwana, ta shiga da ɗan gefe, sannan totur ya ja ta waje. Ɗan taɓa birki yana tura nauyi gaba, baya ya yi sauƙi ya juyo. Birkin hannu na kwanar komawa baya ne kawai, a giya ta ɗaya ko ta biyu, a ja a saki nan take. Kafin tudu ka daidaita motar, domin a sama sitiyari ba ya aiki. Ka sauka tayoyi suna kallon gaba. Kowace ƙasa da halinta: Finland gudu da tsalle, Suwidin ƙanƙara da tayoyi masu ƙusa waɗanda riƙonsu ya fi yadda ake zato, Monte Carlo kwalta da ƙanƙara a hanya ɗaya, Safari na Kenya, wanda ya dawo gasar duniya a 2021, duwatsu da yashi mai laushi da ke haɗiye mota. Ka fara da mai ja da tayoyin gaba irin Lancia Fulvia. Motocin rukunin B masu tsananin ƙarfi, irin Audi Quattro da Peugeot 205 T16, an hana su bayan kakar 1986 saboda haɗurra, kuma a gem ma ba sa yafiya. Ka yi tuƙi da kashi 80 na iyawarka. Fashewar taya ko rediyeta tana cin lokaci fiye da duk abin da ganganci zai ba ka, lokacin gyara a sansani kuma ƙayyadadde ne.

Zamiya

Wannan salo daga tsaunukan Japan ya fito, kuma maki ake nema a cikinsa: kusurwa, layi da gudu. Kana buƙatar mota mai ja da baya irin Nissan Silvia ko Toyota AE86, tayoyin baya a kulle su riƙa juyawa tare, na'urorin hana karta da hana juyewa a kashe. A CarX Drift Racing ko Assetto Corsa, ka fara da zagaya abu ɗaya a giya ta ɗaya ko ta biyu har ka iya faɗaɗa da'irar da totur kaɗai, sannan ka koma siffar 8 don koyon sauya gefe. Ana tayar da zamiya da birkin hannu ko da taka kuloci a sake shi da sauri. Yawan totur yana juyar da kai, ƙarancinsa yana sa taya ta kama ta miƙar da motar. Wannan fasaha ta allo ce da filin da aka killace. Wasan mota a titin gari ya ci rayuka da yawa, bai kamata a kai ta can ba.

Tirela da manyan motoci

Ba tsere ba ne, amma masoyansa suna da yawa. Euro Truck Simulator 2, na kamfanin SCS Software da ke Prague, ya fito a 2012 kuma har yanzu ana ƙara masa ƙasashe. Ka fara da ayyukan haya a motar kamfani, inda mai da gyara ba a wuyanka suke ba, ka zuba makin farko a tafiya mai nisa, sannan ka ci bashin banki ka sayi taka. A gangara da lodi, ka sauke giya ka yi amfani da birkin inji ko ritada, na'urar rage gudu ba tare da fedar birki ba; in ka kunna tsarin birkin iska, yawan tattaka feda yana zubar da iskar har motar ta tsaya ta ƙi tashi. A kwana ka wuce gaba sosai kafin ka juya, domin tayoyin bodi suna yanke ciki. Wajen ribas, bodi yana tafiya kishiyar inda ka juya sitiyari. Ka kama sitiyari daga ƙasa, ka tura hannunka gefen da kake son bodin ya bi, kaɗan kaɗan, kana kallon madubi. In kusurwa tsakanin kai da bodi ta yi tsauri, ka ja gaba ka miƙe ka sake. A SnowRunner kuwa, cikin laka ƙaramar giya da kulle tayoyi su riƙa juyawa tare ake bi. Danne totur yana ƙara binne motar, kuma kafin ka shiga kowane kududdufi ka duba bishiyar da igiyar ja za ta kai.

Na'urarka da layinka

Zaɓin nau'i yana bin abin da kake da shi. iRacing kuɗin wata ake biya kuma ba ya aiki sai da intanet mai tsayawa. In jinkirin layinka yana haura milisakan 150, motoci za su riƙa tsalle a allonka, ka daki mutane ba da niyya ba. Gran Turismo 7 yana neman intanet ko a yawancin wasan mutum ɗaya. Forza Horizon 5 ya haura gigabait 100, don haka ka lissafa data kafin ka fara saukewa. Euro Truck Simulator 2, Assetto Corsa na farko da Most Wanted na 2005 suna tafiya ba intanet a kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi. Inda wuta ke ɗaukewa, ka guji dogon tseren intanet sai da UPS ko inbata, domin fita a tsakiyar tsere tana rage maka matsayi. A waya, zafi ne babban abokin gaba: in ta ɗumama tana rage ƙarfin kanta, hoto ya fara sarƙewa. Ka cire mata riga, kada ka buga tana caji, ka sauke ingancin hoto zuwa matsakaici, ka kuma zaɓi maɓallan allo ko fad mai Bluetooth maimakon karkata waya, wanda ba ya ba da daidaito a kwana mai tsauri.